Sai da digiri ake zama teknishan na sa barci a ɗakin tiyata?

Rukayya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san aikin ya taimaka. Shekara biyu ke nan ina sashen wanke kayan tiyata da kashe musu ƙwayoyin cuta. Duk lokacin da na kai kaya ɗakin tiyata, idona na kan mutumin da ke tsaye ta wajen kan majiyyaci, wanda ke haɗa na'urar sa barci, ya jera bututun numfashi, ya miƙa wa likita abu tun bai buɗe baki ya tambaya ba. Aikin nan nake so a raina. Na samu kwaleji mai ba da ƙaramin digiri na shekara biyu a kansa, amma sai na rage awannin aiki, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Wani abokin aikina ya ce in daina wahalar da kaina, in nemi a mai da ni sashen in koya a hannu kamar yadda shi ya koya. Wanne zan ɗauka?

Bashir: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, shekarata goma sha huɗu a wannan aiki, kuma ban taɓa zama a aji dominsa ba. Na fara da tura gado da goge na'ura, wani dattijo ya ja ni a jiki ya koya mini. Yau ko ido rufe zan kwance na'urar in mayar. Na sha ganin masu takarda sun zo, a ce su miƙo bututu mai lamba 7, hannunsu na rawa. Aikin hannu ne, a ɗakin tiyata ake koyonsa. Ki riƙe albashinki ki nemi canjin sashe.

Halima: Malam Bashir, ban musa ƙwarewarka ba, amma ƙofar da ka shiga ta nan tana rufewa. Ni a Amurka nake wannan aikin. Ƙungiyarmu ta ASATT, wadda aka kafa a 1989, a da tana barin wanda ya yi shekaru yana aiki ya zauna jarabawar takardar shaida. A 2015 aka daina. A lokacin aka ce mai son sabuwar takardar shaidar, wato Cer.A.T.T., sai ya kammala aƙalla digirin shekara biyu a kwas ɗin da aka tantance. Waɗanda suka samu tsohuwar takardar suna nan suna sabunta ta, amma sabon shiga ba ya samunta. Har gobe akwai asibitocin da za su ɗauke ki ba takarda, su koya miki, wannan gaskiya ne. Sai dai ranar da kika so barin wurin, ƙwarewar tana kanki, amma babu abin da za ki ajiye a kan tebur.

Rukayya: Anti Halima na gode. To me ake karantawa har shekara biyu? Abin da ya sa na fara jin maganar abokin aikina ke nan, ina ganin kamar haɗa wayoyi da robobi ne kawai.

Halima: Da ma haka kowa ke gani daga bakin ƙofa. Shekarar farko yawanci aji ne da ɗakin gwaji: sassan jikin mutum da yadda suke aiki, musamman zuciya da huhu, ilimin magunguna, ɗan lissafi, da yadda iska ke tafiya a bututu da abin da matsi ke yi mata. Sai na'urar kanta, daga inda oksijin ke shigowa daga bango har inda yake shiga huhun majiyyaci. Shekara ta biyu rabinta a asibiti za ki yi ta, ƙarƙashin wani, ana zagayawa da ke: tiyatar yara, ta masu haihuwa, ta zuciya, ta ƙwaƙwalwa, ta waɗanda suka yi hatsari. Za ki koyi haɗa layin auna hawan jini da ake sawa cikin jijiya, da na'urar da ke tattara jinin majiyyaci ta wanke shi a mayar masa, da na'urar ɗumama jini. Kuma dole ki samu shaidar horon farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, na farko da na gaba da shi.

Bashir: Duk abin da kika lissafa ina yi kullum, Hajiya, kuma ba a allo na gan su ba.

Dakta Aisha: Malam Bashir, ni likitar sa barci ce, kuma zan fara da cewa mutum irinka ya sha fitar da ni kunya. Akwai daren da ba don wani tsohon teknishan da bai yi makarantar aikin ba, da ban san yadda za mu ƙare ba. Amma bari in kawo misalin abin da aji ke bayarwa wanda hannu ba ya bayarwa da wuri.

Ɗauki ƙananan tukwanen iska biyu da ke rataye a bayan na'ura. Ta oksijin idan cike take tana ɗauke da wajen lita 660, agogon auna matsinta na nuna kusan 2000. In ta koma rabi, agogon ya koma wajen 1000. Da kallo ɗaya ka san abin da ya rage, ka raba da yawan litar da kake bayarwa a minti, ka san ko za ta kai ka daga ɗakin tiyata zuwa sashen kulawa ta musamman. Ta naitros kuwa, wato iskar sa barci, ba haka take ba, domin ruwa ne a cikinta. Agogonta zai tsaya a wajen 745 ko motsi ba ya yi, har sai ruwan ya ƙare gaba ɗaya, sannan ya fara sauka, lokacin kuwa saura kaɗan ta ƙare. Wanda ya koya da ido kawai zai kalli agogo biyun ya karanta su iri ɗaya, kuma zai iya shekara biyar a haka ba abin da ya faru. Wanda aka zaunar aka gaya masa dalili ya san tun ranar farko cewa nauyin tukunyar ne ke faɗin gaskiya.

Bashir: Wannan na san shi, Dakta. Amma gaskiya sai da ta ƙare mini a tsakiyar aiki sau ɗaya sannan na tambayi dalili.

Dakta Aisha: To ka ga abin da nake nufi. Ka koya, kuma ba ka sake mantawa ba, amma akwai mutum kwance a kan gadon ranar da ka koya.

Nura: Bari in sa baki daga Ingila, don kada a ɗauka tsarin Amurka ne ko'ina. A nan sunan aikin ma daban ne, ODP ake ce wa masu yinsa, kuma tun 2004 ba mai amsa wannan sunan sai wanda ya yi rajista da hukuma, wadda yanzu ake kira HCPC. Digiri ne na shekara uku. Ana koya mana ɓangare uku: taimaka wa likitan sa barci, tsayawa kusa da likitan tiyata ana miƙa masa kaya, da kula da majiyyaci lokacin da yake farfaɗowa. Ni ina shekara ta biyu, kuma ta hanyar koyon aiki na shiga, wato ina aiki a asibiti ana biyana, ina kuma karatun. Rukayya, ki bincika ko akwai irin wannan a inda kike, domin shi ne ya haɗa maganar Yaya Bashir da ta Anti Halima wuri ɗaya. Kuma ki sani takardar wata ƙasa ba ta aiki kai tsaye a wata. In kina da niyyar ƙaura, ki duba dokar can tun yanzu.

Ummi: Ni dai abu ɗaya zan faɗa, kuma da ciwo a raina nake faɗinsa. Kafin ki biya ko sisi, ki tabbatar an tantance kwas ɗin. Ban ce makarantar ba, kwas ɗin kansa. Na yi wata goma sha takwas a wata kwaleji, na ci bashi, na bar ɗana wajen mahaifiyata ina zuwa aji da dare. Da na tambaye su tun farko, suka ce ai suna kan hanyar samun amincewa. Na gama, na je rajistar jarabawa, aka ce sunan kwas ɗinmu ba ya cikin jerin. Awannin asibitin da suka yi mana alkawari ma rabinsu kallo muka yi daga bayan gilashi. Yanzu ina sake wasu darussan daga farko a wani wuri. Kada ki yarda da maganar baki ko takardar talla. Ki shiga shafin hukumar da ke tantancewa da kanki ki ga sunan da idonki.

Rukayya: Innalillahi. Allah Ya mayar miki da alheri, Yaya Ummi. Wallahi ban taɓa tunanin akwai bambanci tsakanin tantance makaranta da tantance kwas ba. Wace hukuma ce ke yi?

Halima: A Amurka CAAHEP ce, kuma jerin yana shafinsu kowa na iya gani. A wata ƙasar ki nemi hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya rajista ki tambaye su kai tsaye: wanda ya gama wannan kwas, kuna ba shi lasisi? Sannan ki tambayi kwalejin awa nawa za ki yi a asibiti, a waɗanne asibitoci, kuma su ne za su nema miki gurbin ko ke za ki nema. Ki tambaye su cikin waɗanda suka gama bara mutum nawa suka ci jarabawar. Makarantar kirki ba ta jin haushin wannan tambayar. In suka fara kwana-kwana, kin samu amsarki.

Kabiru: Tambaya don Allah. In mutum ya yi wannan digirin, daga nan zai iya zama likitan sa barci? Ƙanena nake so ya bi ta nan don na ji ta fi sauƙi.

Dakta Aisha: A'a, Malam Kabiru, kuma gara a faɗa masa tun yanzu. Hanyoyi ne daban. Likitan sa barci sai ya gama makarantar likitanci sannan ya ƙara shekaru yana ƙwarewa. Nas mai sa barci sai ta fara zama nas, ta yi aiki a sashen kulawa ta musamman, sannan ta koma karatu mai zurfi. Teknishan ba ya yanke shawarar maganin da za a bayar ko yawansa, yana aiki ne ƙarƙashin wanda ke da wannan alhakin. Wasu darussan kimiyyar za su iya yi masa amfani in ya canza hanya daga baya, kuma zaman ɗakin tiyatar zai buɗe masa ido. Amma wanda ya shiga yana ganin matakala ce kawai, yawanci ba ya jimawa, kuma ba ya yin aikin da zuciya ɗaya. Ni ba na son irin wannan a bayana ƙarfe uku na dare.

Malam Sani: Na daɗe ina karanta ku. Ni na koyar da ɗaliban wannan fanni shekaru, kuma ina so in ba Malam Bashir gaskiyarsa ta wani ɓangare. Akwai ɗaliban da ke cinye jarabawar takarda, amma ranar da aka kasa sa bututun numfashi, oksijin ɗin majiyyaci na sauka daga 95 zuwa 80, ƙarar na'ura na canzawa, sai su daskare. Aji ba ya maganin wannan. Maimaitawa ce ke maganinsa, da tsayawa kusa da wanda ya riga ya ga irin ranar.

Amma ku dubi inda aikin ya fito. Ranar 16 ga Oktoba 1846, da William Morton ya nuna amfanin maganin sa barci na "ether" a Boston, kayan aikinsa tulun gilashi ne da soso a ciki. Shekara ɗaya bayan haka James Simpson ya fara amfani da kulorofom a Edinbura, ana ɗiga shi a kan ƙyalle. A wancan zamanin mai taimako ba ya buƙatar komai sai ƙarfin riƙe majiyyaci. Na'urar sa barci ta Boyle ta zo a 1917. Ƙarfen duba maƙogwaro na Miller a 1941, na Macintosh a 1943, kuma har yau da sunayensu muke kiransu. Ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa yana nuna yawan oksijin, injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano hanyarsa a shekarun 1970, kuma sai a 1986 likitocin sa barci na Amurka suka fitar da ƙa'idojin sa ido a kan majiyyaci. Kowane ƙari a cikin waɗannan ya ƙara abin da mai haɗa kayan zai fahimta. Na'urar yau kwamfuta ce mai numfashi. Tana gwada kanta da safe, ta nuna kore, sai mutum ya saki jiki, alhali akwai abubuwan da ba ta dubawa: ko injin tsotse majina na ja, ko akwai jakar ba da numfashi ta hannu a kusa, ko fitilar ƙarfen maƙogwaro na kamawa.

Bashir: Wannan na ƙarshen, Malam, ko wanda ya yi digiri uku in malalaci ne ba zai duba ba.

Malam Sani: Haka ne. Takarda ba ta sa mutum ya zo da wuri.

Halima: Bari in ba da nawa labarin, don ni ma a hannu na fara kafin in koma makaranta ina da shekara talatin da ɗaya. Akwai garin nan fari da ke cikin gwangwanin na'ura, mai tsotse iskar kabon da majiyyaci ya fitar. An koya mini cewa in ya koma shuɗi-shuɗi mai ruwan hoda, a canza. Shi ke nan abin da na sani. Wata safiya na duba na gan shi fari tas, na wuce. Ana cikin aiki likita ya ce layin kabon a allo ba ya komawa sifili tsakanin numfashi da numfashi, ma'ana majiyyaci na sake shaƙar abin da ya fitar. Ashe garin ya gaji tun jiya, ya canza launi, da ya kwana ba a amfani da shi sai launin ya koma fari. Likitan ya ƙara yawan iska, muka canza gwangwanin, ba abin da ya samu majiyyaci. Amma na koma gida ban iya cin komai ba. A zangon farko na makaranta aka yi mana bayanin wannan a cikin minti goma. Na zauna a ajin ina tunanin sau nawa na wuce farin gari ban sani ba.

Nura: Irin wannan ne ya sa nake son darasin magunguna duk da wahalarsa. Misali zazzaɓin nan mai kisa da wasu ke gadonsa, wanda iskar sa barci ko maganin sakin jiki na sakisametoniyam ke tayarwa. Mutum zai iya gama aikinsa bai taɓa gani ba, to ta yaya zai koya a hannu? Maganinsa dantirolin, tsohon samfurin kowace kwalba miligiram 20 ce, ana narka ta da ruwan allura mililita 60, kuma ba ta narkewa da sauri. Ana farawa da miligiram 2.5 a kowane kilo. Mai kilo 70 yana buƙatar kwalba tara a zagayen farko kawai. Wa zai narka su? Mu ne. In ba a taɓa sa ki kin gwada a ɗakin horo ba, ranar za ki tsaya karanta takardar cikin kwali.

Bashir: Wannan kam na yarda. Sau ɗaya na gani a shekara goma sha huɗu, kuma wata yarinya sabuwar gama makaranta ce ta san inda akwatin yake da yadda ake haɗawa. Ban ji kunyar bin umarninta ba ranar. Amma Rukayya, ki ji wannan daga gare ni, don su ba za su faɗa miki a ranar buɗe makaranta ba. Za ki riga kowa zuwa, ki bi bayan kowa wajen tashi. Tsayuwa ce ta awa takwas, wani lokaci goma sha biyu, ga kiran dare. Za ki ga jini, za ki ga yaro ƙarami a kan gadon, wata rana kuma za a yi duk abin da za a iya, a rasa mutum, sannan a ce ki shirya ɗakin don na gaba. Majiyyaci ba zai san sunanki ba, barci yake lokacin da kika yi masa aiki. In likita ya firgita, a kanki zai ɗaga murya. Kafin ki ci bashi, ki roƙi shugaban sashen ya bar ki ki bi teknishan ɗinsu kwana uku cur, daga buɗe ɗaki har rufewa. In kin fito kina so har yanzu, to ki je makarantar, ba zan hana ki ba.

Dakta Aisha: Maganar ɗaga murya gaskiya ce, kuma laifinmu ne, ba na kare shi. Amma zan ƙara da cewa takardar duba lafiyar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta sa kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara yanka, don ƙaramin ma'aikaci ya samu bakin cewa a dakata. Teknishan ɗin da ya san dalilin abu ya fi ƙarfin zuciyar ce mini "Dakta, layin kabon bai fito ba, bututun nan ba ya hanyar iska." Wanda bai tabbata ba sai ya yi shiru yana fatan na gani da kaina.

Rukayya: Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Yaya Bashir, gobe zan je wajen shugabar sashen in nemi kwana ukun. Yaya Ummi, na duba jerin yanzu, sunan kwas ɗin yana ciki, amma zan kira hukumar in ji da kunnena. Abin da ya rage mini tsoro shi ne lissafi, na daɗe rabona da shi. Anti Halima, wane iri ne ake yi?

Halima: Ba mai nisa ba ne, ƙanwata, amma ba a yarda da kuskure a cikinsa. Raba da ninkawa, juya miligiram zuwa maikirogiram, kaso cikin ɗari, da lissafin nauyi. Misali maganin da aka rubuta kashi 1 cikin ɗari, miligiram 10 ke nan a kowace mililita. Ko girman bututun yaro marar balan-balan: shekarunsa a raba huɗu a ƙara huɗu, ɗan shekara huɗu lamba 5 ke nan, kuma ki ajiye na sama da shi da na ƙasa da shi a kusa. Ki samu littafin lissafin magunguna na ɗaliban nas ki riƙa yin tambaya goma kullum kafin a buɗe zango. In kin maƙale ki turo nan, ni ko Nura za mu duba miki.

Bashir: Kuma ranar farko cikin kwana ukun ki je minti arba'in kafin lokacin da suka ce miki. Gwajin na'ura ake yi a lokacin, shi nake so ki gani.